Ɗan Japan, Asabarin Kakata

Abin da na fara gani da muka shiga gidan shi ne ruwa. Wani siririn ruwa ne ya fito daga bayan ɗakin Kaka, ya bi gefen rijiya, yana tafe da ganyen magarya har bakin rariya. Na bi shi da ido zuwa inda ya fito, sai na ga ƙafafun asabarin katako a tsaye cikin laima, an buɗe shi gaba ɗaya. A mota tun daga Miga, Mama cewa ta yi jikin Kaka ne ya tashi. Amma na san abin da ake yi a bayan wannan asabarin idan an buɗe shi a tsakar gida, domin na sha raka shi gidajen mutane. A tsakar gidan Kaka dai ban taɓa ganinsa a buɗe ba sai ran nan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakata, mahaifiyar babana, ta rasu da hantsi a ɗakinta a Haɗejiya, bayan ta sha kunu ta ce a rufa mata ƙafa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Ni ba mai iya magana ba ce a gaban mutane, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani game da ita tun ban fara mantawa ba.

Mata sun cika tsakar gida har bakin madafa. Na lura duk wadda ta shigo, ba ɗakin take fara kallo ba, asabarin take kallo, sai ta kama baki. Wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi ta zauna a ƙasa babu tabarma, ta ce, "Uwata a bayansa aka wanke ta. 'Yata a bayansa. To mu da muka rage, wa zai rufe mu?"

Ta kusa da ita ta ce, "Ki yi salati, baiwar Allah. Allah ne mai rufewa."

"Na sani. Amma da hannun Hajiya yake yi."

Sai Iya ta fito daga bayan asabarin, hannun rigarta jiƙe har gwiwar hannu. Iya aminiyar Kaka ce, tare suke wankan gawar mata a unguwar tun kafin a haife ni. Ba ta yi kuka ba. Da maza suka fita da makara, ta waiwaya ta gan ni, ta ce, "'Yar shiru, kin iso? Zo kama mini nan mu naɗe, hannuna ya mutu." Muka naɗe shi tare. Yana ƙamshin kafur.

Bayan an dawo daga maƙabarta, aka jingine shi a inuwar zaure ya sha iska. Aka aike ni in kai wa maza ruwan sha. Na tarar da wani baƙo daga Kano, abokin kasuwancin Baffa, ya tsuguna yana bin sassaƙar da yatsa. Baffa yayan babana ne, shi ne babba a gidan. Idonsa ya yi ja saboda kuka.

Baƙon ya ce, "Alhaji, wannan na waye?"

"Na Inna ne, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Ka kuwa san abin da kuka jingine a ƙasa? Irin wannan masu otal da Turawa suke nema ido rufe."

Baffa ya ce, "Yau ba ranar wannan maganar ba ce." Amma da baƙon ya fito da waya yana ɗaukar hoto, bai hana shi ba.

Kafin sadakar uku magana ta shiga gida. Goggo, ƙanwar su Baba, ta ce asabarin na matan unguwa ne, ba inda za shi. Baffa ya ce gado gado ne, sai an yi masa kuɗi kamar kowane kaya. Babana, wanda yake tsakaninsu a haihuwa, bai goyi bayan kowa ba. Kaka ba ta bar wasiyya a kansa ba, domin ba ta taɓa ɗaukarsa dukiya ba. A wurinta kayan aiki ne, kamar buta da ƙwarya.

Ba asabari ba ne na gaske, suna dai muka rasa. Ƙyaure huɗu ne na baƙin katako, masu tsayin babban mutum, an haɗa su da 'yan ƙarafan tagulla ana ninke su. An sassaƙa ruwa a jikinsu, da dutse can nesa, da dogayen ciyayi, da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Marigayi kakana namiji ne ya sayo shi a kasuwar tsofaffin kaya a Jidda, shekarar da suka sauke farali. Mai sayarwar ya ce masa aikin hannu ne na mutanen Japan, kuma tun a lokacin tsoho ne. Kaka takan ce, "Mazan mutane suna dawowa da rediyo da darduma, ni nawa ya dawo mini da ƙofa babu ɗaki." Daga nan aka sa masa Ɗan Japan. Idan ta dubi tsuntsayen kuma sai ta ce, "Wai Japan. Zalɓen fadamarmu ne. Ga ciyawar kacalla nan ma ta bi su har can, su ma ta toshe musu kogi."

Ya daɗe a ɗakinta yana raba gado da wurin zama. Sai wata damina kogi ya cika ya shigo gari, ya ci katangu. Wata maƙwabciya ta rasu, ɗakinta ya zube, danga ta kwanta, ana hango tsakar gidan daga hanya. Mata suka ɗaga zannuwa da hannu, iska tana kaɗa su. Kaka ta aika a ɗauko Ɗan Japan. Kakana ya tare ƙofa ya ce, "Abin da na ɗauko daga ƙasa mai tsarki za ki kai cikin taɓo?"

Ta ce, "Alhaji, gawa ma tana da kunya. Faɗa ce kawai ba ta iya ba. Matsa."

Ya matsa. Iya ce ta ba ni wannan labarin, ta ce tun daga ranar ba a sake wanke mace a unguwar ba sai a bayansa. Gidaje da yawa ɗaki ɗaya ne da 'yar danga, kuma kowace damina ruwa yana rage dangar.

Kaka ba mai sanyin hali ba ce. Idan tana cinikin kifi, sai mai kifin ya rantse ya gaji. Likita ya hana ta sukari, ita kuwa tana ɓoye shi a gwangwanin allura. Amma a kan wanka ba ta taɓa karɓar ko ƙwandala ba. Idan an matsa mata sai ta ce a sayi kafur a ajiye wa ta gaba. Tana rataya zane a kan tsagogin da ke tsakanin ƙyauren kafin a fara, ta kuma zagaya ta waje ta duba da idonta. Akwai wata mata da ta taɓa taya su, daga baya aka ji tana ba da labarin tabon da ta gani a jikin mamaciyar. Kaka ta yafa mayafi ta je har gidanta da rana tsaka. Ta ce mata, "Abin da aka gani a bayan Ɗan Japan, a bayansa yake kwana. Kada in sake ganin ƙafarki a wurin wanka. In kin mutu zan zo in wanke ki, kuma ba mai jin naki."

Idan an dawo da Ɗan Japan, ba ta yarda rana ta taɓa shi. A inuwa yake bushewa. Sannan ta ba ni tsinken tsintsiya da auduga in bi lungunan sassaƙar, ita kuma ta bi bayana da man kaɗanya. A nan na fara tambayarta abin da ya daɗe yana damuna, domin duk tsuntsayen babu kai, sai guda ɗaya a ƙyauren ƙarshe.

Ta ce, "Tambayi mahauci."

Baffa take nufi. Yana saurayi ya fara bin wa'azi da zafi. Wata rana ta tafi barkar haihuwa, ya aro abin sassaƙa a wurin kafinta, ya shiga ɗakinta yana fille kawunan ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo ta same shi ya ɗora ƙarfen a wuyan na ƙarshe. Ta riƙe hannunsa.

Ya ce, "Inna, mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da siffar mai rai."

Ta ce, "To Mala'ikan Mutuwa fa? Duk gidan da na kai shi, sai in tarar ya riga ni shiga."

Ba ta amsa gaisuwarsa ba har azumi ya kama. Ta cuɗa baƙin tukunya da mai ta shafe wuraren da katakon ya yi fari. Ta ce mini, "Ta wani gefen da gaskiyarsa. Amma da ya tambaye ni. Ba a gyara wa uwa ɗaki tana gidan biki." Har ta rasu, idan 'ya'yansa suka zo gaishe ta sai ta ce, "Ga 'ya'yan mahauci, ku ɓoye kajinku."

Ni kuwa alherin da ta yi mini ƙarami ne, amma shi na fi tunawa. Duk hutu a wurinta nake yi. Idan baƙi suka shigo, sai in lallaɓa bayan Ɗan Japan in zauna a bakin gado, ina leƙensu ta tsaga. Mama takan ji kunya, ta ce in fito in gaida mutane. Wata rana Kaka ta ce mata, "Ƙyale ta. Ba ɓuya take yi ba, karatun mutane take yi." Bayan baƙin sun tafi ta ce, "To 'yar shiru, me kika gani?" Na ce ɗaya daga cikin matan tana dariya amma tana murza bakin mayafinta. Washegari ta auna gero ta sa aka kai wa matar, ba ta ce daga wa ba.

Da aka share makoki, aka sa ranar rabon gado. Ranar Asabar ce, babu makaranta, na biyo Baba. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Liman ya zauna a tsakiya, Baffa da Baba a gefensa, Goggo da Iya a bakin ƙofar ɗakin Kaka, ni a bayansu.

Ba a raba kwano gida biyu a gado. Sai a yi wa kowane abu kuɗi a tara, a fitar da rabon kowa. Wanda yake son wani abu ya ɗauka a bakin rabonsa, in rabon ya isa. Na Goggo rabin na kowane ɗan'uwanta ne. Saboda haka a ranar Goggo addu'a take yi Ɗan Japan ya yi arha ya shiga cikin rabonta, Baffa kuma yana fatan ya yi tsada. Ba zan ce Baffa mugu ba ne. Ruwa ya cinye masa shinkafa a wajen Guri bana, ga iyali da yawa.

Dillaliyar unguwa ta gama da kwanuka da gado da 'yan kunnen zinariya. Wani mai sayar da dabbobi ya yi wa awaki kuɗi. Sai baƙon nan na Kano ya shigo da wani dillalin tsofaffin kaya, ɗan gajere mai tabarau, sun bar motar ɗaukar kaya a ƙofar gida. Wanda ya zo kallo ba ya zuwa da motar kaya.

Aka buɗe shi a tsakar gida. Dillalin bai yi sauri ba. Ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa yana saurare. Ya kunna fitilar waya da rana tsaka ya leƙa ƙarafan tagullar, ya ce ba a taɓa canja su ba. Ya zagaya baya, ya sami wani ɗan jan tambari a ƙasan ƙyaure, wanda ni da Kaka muke ɗauka tabon fenti ne. Ya ɗauki hotonsa ya aika wa wani. Ya ce, "Hannu ne, ba inji ba. Ku dubi ganyen nan, ba guda biyu da suka yi kama." Goggo ta sunkuyar da kai.

Sannan ya durƙusa ya ga layin da ruwa ya yi a ƙafafun, ya yi tsaki. Goggo ta ɗago.

Ya miƙe ya kai ido kan tsuntsayen. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya kankare baƙin da farce, farin katako ya fito.

"Wane marar imanin ne ya yi wannan ɓarnar?"

Liman ya dubi carbinsa. Na ga jijiyar wuyan Baffa tana motsi.

Iya ta ce, "Wani mahauci ne, ɗan nan. Ya tuba."

Dillalin ya ce, "Allah ya yafe masa, don ni dai ba zan iya ba. Da kawunan suna nan, da kuɗin ya ninka." Ya kai hanci kusa da katakon. "Ƙamshin me nake ji? Kamar kafur."

Baffa ya yi sauri ya ce, "Tsofaffi ne, suna sa shi a cikin kaya."

Goggo ta miƙe tsaye. "Yaya, ka ji tsoron Allah. Malam, gawa ake wankewa a bayansa. Matan unguwar nan kaf. Ta ƙarshe ita ce wadda ta haife mu. In za ka saya, ka san abin da ka saya."

Baffa ya ce, "Ke! Wa ya sa bakinki?"

"Inna ce ta sa."

Dillalin ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta, ya goge a rigarsa, ya yi salati. Na ji Iya ta sauke numfashi. Dukanmu, har Baffa, mun ɗauka magana ta ƙare. Wa zai kai abin wankan gawa ɗakinsa?

Ya fita zaure da waya a kunne. Muka zauna ba mai kallon wani. Wata akuya ta zo tana shinshina ƙafar asabarin, ba wanda ya kore ta. Da ya dawo ya zauna nesa da shi kaɗan, ya ce, "Hajiya, kin fita haƙƙina, na gode. Ni kam ko kyauta ba zan kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Amma wanda zai saya ba zai tambaya ba. In ma ya ji, ƙila ya ƙara so."

Ya faɗi kuɗin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya kusa kai duk sauran kayan Kaka idan an haɗa su. Goggo ta koma ta zauna.

Liman ya yi lissafinsa, ya ce rabon Goggo bai kai ko rabinsa ba. Na kowane namiji ma shi kaɗai bai isa ba. Sannan ya ce, "Sai dai in biyu sun haɗa."

Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ce lallai sai an sayar ba. Duk mai so ya ɗauka a bakin rabonsa, a ba ni haƙƙina a awaki da sauran kaya. Ba na ƙin Inna. Amma yara ba sa cin katako."

Sai kowa ya juya ya dubi babana.

Baba bai ɗago ba. Yana ta tsinkar bakin tabarma. Na san abin da ke ransa, don na ji suna maganar da Mama. Injin ban ruwa yake so ya saya da rabonsa. Shekara da shekaru haya yake yi, bara alkamarsa ta bushe yana jiran layi ya zo kansa. In ya haɗa da Goggo, abin da zai rage masa ko tiyon jan ruwa ba zai saya ba.

Goggo ta ce a hankali, "Yaya ƙarami."

Baffa ya ce, "Kada ki matsa masa. Shi ma da bakuna a gidansa."

Dillalin ya dubi agogo, ya ce yana son ya kama hanya kafin la'asar. Aka kira sallar azahar. Baba ya ce, "A bari mu yi salla." Maza suka miƙe. Na ji direban motar a waje yana saukar da igiya da tsofaffin barguna.

Iya ta tashi da ƙyar ta je gaban Ɗan Japan. Ta kama shi ita kaɗai tana jansa kaɗan kaɗan, saboda inuwa ta gusa rana ta fara taɓa ƙyauren ƙarshe.

Baba yana bakin rijiya ya tsuguna da buta, bai fara alwalar ba. Ban taɓa roƙonsa komai ba, ko kuɗin littafi ta wurin Mama nake bi. Na tsallake tsakar gidan, ina jin kamar duk matan da suka taɓa zama a cikinsa suna kallona. Na durƙusa a gefensa.

Ya ce, "Mene ne, 'yar shiru?"

Na ce, "Baba, na san maganar injin."

Ya ajiye butar ya dube ni.

Na ce, "Don Allah ka haɗa naka da na Goggo. Kada ka bari a sa shi a motar nan."